Ba kwamfuta ce ta ci sunan Ɗahiru ba

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a ofisoshinmu, yau kuma sai na amayar da abin da ke cikina: wai "kwamfuta ba ta san baƙaƙen Hausa ba". Da zarar sunan mutum ya fito a karkace cikin takardar albashi, ko jerin 'yan fansho, ko sunayen waɗanda za a ba tallafi, sai ka ga an ɗaga kafaɗa an ce ai injin ne, ba ya gane ƙ da ɗ da ɓ, a yi haƙuri. Jama'a, wanga zance ƙarya ne tsagwaronta. Kuma ƙarya ce mai tsada, illa dai ba mai yin ta ke biyan kuɗin ba.

A da, in akawu ya rubuta sunanka ba daidai ba, mai biyan albashi ya san fuskarka, ya san gidanku, zai miƙo maka kuɗinka ka sa hannu ka wuce. Yanzu an daina duba fuska. Tun da aka kawo BVN a 2014, aka ce a haɗa layin waya da NIN a Disambar 2020, JAMB ma ta ce daga 2021 ba mai rajista sai da NIN, sunan mutum ya zama makulli. Inji ke ɗora sunanka na ofis a kan sunanka na banki, in harafi ɗaya ya saɓa sai ya ture ka gefe. Abin da za ka ji shi ne "a je a gyara". To ina ake gyaran? Mutumin Gummi zai taso ya bi ta Ɗaki Takwas, ya wuce Anka, ya fita Mayanchi, sannan ya kama hanyar Gusau. Ba sai na gaya wa kowa a yankin nan halin da wannan hanya take ciki ba, mutum sai ya nemi gafarar iyalinsa kafin ya shiga mota. Ga kuɗin mota, ga takardar rantsuwa a kotu, ga hoto, ga kwana a zauren ɗan'uwa saboda wanda zai sa hannu wai ya shiga mitin. Duk a kan harafi guda, wanda kuma ba shi ya jefar da shi ba.

Ku ɗan yi haƙuri da ni in yi bayanin yadda abin yake, don da rashin sanin nan ake rufe mana baki. Kwamfuta ba ta san harafin kowa ba, har na Bature. Lamba kawai ta sani. Yarjejeniya aka yi cewa lamba kaza tana nufin harafi kaza. A shekarun 1960 Amurkawa suka tsara jadawalin da ake kira ASCII, mai gurbi 128, daidai buƙatar Turanci: babban A shi ne 65, ƙaramin k shi ne 107. Babu ƙ a ciki, kamar yadda babu baƙaƙen Larabci, babu ma é ta Faransawa. Da duniya ta ga wannan ba zai kai ta ko'ina ba, a 1991 aka fito da Unicode, inda aka yanka wa kowane harafi lambarsa. Namu suna ciki tun farkon shekarun 1990. Lambar ƙ 409 ce, ɗ 599, ɓ 595, babbar Ɗ kuma 394. Har ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu muke sa 'y tana da tata. Jihar Zamfara da aka ƙirƙira a 1996 ma ta tarar da ƙ zaune a cikin kwamfuta. Wayar da kake karanta rubutun nan da ita ta nuna maka su ko ba ta nuna ba?

Ga inda gizo ke saƙa. In za a adana rubutu a fayil, ana zuba shi ne cikin ƙananan gurabe da ake kira bayit. A tsarin UTF-8, wanda shi ne ya mamaye intanet a yau, harafin Turanci bayit ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ kowane biyu yake ci. Ka ɗauka fasinja ne mai jiki da ya biya kujera biyu a mota. Mutum ɗaya ne, kujeru biyu.

Yaren kwamfuta da ake kira Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, yana cikin waɗanda aka fi rubuta ƙananan manhajojin ofis da su. Tsohonsa, Python 2, kwandasta ne mai ƙirga kujeru ya ce mutane ne. Ka ba shi "Musa" ya ce haruffa huɗu, daidai. Ka ba shi "Ɗahiru" ya ce bakwai, alhali shida ne. Ka ce ya mayar da "ɗanladi" manyan baƙaƙe, sai ya ba ka "ɗANLADI", don bai ga harafi a farkon ba, wasu lambobi biyu ya gani. Ka ce ya yanke suna a gurbi na ashirin don ya shiga fom, yana iya yankewa a tsakiyar ƙ, ya bar rabin fasinja a mota rabi a tasha. Gaskiya ne tun 2000 yana da wata hanya ta daban ta riƙe rubutu yadda ya kamata, amma sai mai rubuta manhajar ya nemi hanyar da kansa, kuma yaren yana barin a cakuɗa biyun shiru. Muddin sunayen John ne da Musa, komai lafiya. Ranar da Ruƙayya ta shigo sai ya tsaya cak.

Masu yaren da kansu sun ga wannan aibi ne, kuma ba su ce wa duniya ta yi haƙuri ta sauya sunayenta ba. A Disambar 2008 suka fitar da Python 3, suka raba rubutu daban, ɗanyen bayit daban, suka hana haɗa su sai ka faɗi da wane tsari za a fassara. Wannan ya karya ɗimbin tsofaffin manhajoji, aka yi ta zaginsu shekara da shekaru. Sun so rufe tsohon a 2015, ƙorafi ya sa suka ɗaga zuwa 1 ga Janairun 2020, ranar da aka daina kula da shi baki ɗaya. Kamfani kamar Instagram sai wajen 2017 ya gama ƙaura. Shekara goma sha ɗaya suna shan wannan wahala, kuma babban abin da ya jawo ta shi ne a daina ɓata rubutun waɗanda ba Turawan Ingila da Amurka ba. Sannan wani ya zo Anka da jakar laftof ya ce min kwamfuta ba ta san ɗ ba? Haba malam.

Abin da na gani da idona shi ya sa nake wannan rubutu. A wani ofishi da aiki ya taɓa haɗa ni da shi, akwai wata 'yar manhaja da wani yaro mai hidimar ƙasa ya rubuta da tsohon Python shekaru da suka wuce. Aikinta ta kwaso sunaye daga fayilolin Excel da ake turowa daga ƙauyuka, ta haɗa su jeri ɗaya, ta gwada da na banki. Yaron ya gama hidimarsa ya tafi, manhajar ta ci gaba da ɗingishi. Da aka sayo sababbin kwamfutoci ta ƙi tashi, sai aka ba wani ɗan kwangila aikin mayar da ita sabon yare. Cikin 'yan kwanaki ya ce ya gama, aka tafa masa, aka sa hannu.

Jerin farko da ta fitar, sunaye da dama sun fito da b da ɗan waƙafi a gabansu, kamar b'MUSA'. Duk wanda ya taɓa wannan ƙaura ya san alamar: ɗanyen bayit aka buga ba tare da an fassara shi zuwa rubutu ba. Aka kira shi ya share wannan. Jeri na biyu, Ruƙayya ta koma RuÆ™ayya, Bunguɗu ta koma BunguÉ—u. Dalili, a kan Windows in ba ka gaya wa Python 3 ya buɗe fayil da UTF-8 ba, sai ya ɗauki tsohon jadawalin injin, ya karanta kujeru biyun nan a matsayin mutum biyu baƙi. Kalmomi kaɗan ake ƙarawa a layin buɗe fayil a huta. Shi kuwa gogan sai ya ɗauko wata dabara da ta cika intanet, layi ɗaya tak, wadda ke "wanke" rubutu ta mayar da shi ASCII zalla.

A nan nake so masu karatun kwamfuta na yankinmu su buɗe kunne. Dabarar nan an yi ta ne don harsunan Turai. Tana raba é gida biyu, e da ɗan ɗigon samanta, ta jefar da ɗigon ta bar e. René ya koma Rene, ba a yi asarar komai sosai ba. Amma a Unicode ƙugiyar ɗ ba ado ba ce da aka ɗora wa d. Ɗ harafi ne mai zaman kansa, ba ya rabuwa. Saboda haka in dabarar ta iso kansa ba ta mayar da shi d, ɗauke shi take yi ɗungurungum, kuma ba ta faɗa wa kowa. Ɗahiru ya zama ahiru. Ruƙayya ta zama Ruayya. Baƙo ya zama Bao. Ɗaki Takwas ta zama aki Takwas, gundumar Ɗan Galadima ta Anka ta zama an Galadima. Manhajar ba ta tsaya ba, ba ta yi jan rubutu ba, jerin ya fito tsaf gwanin sha'awa. Da aka gwada da na banki, waɗannan bayin Allah suka faɗa cikin waɗanda "ba a tantance ba", wato layi ɗaya da ma'aikatan bogi.

Na ga wani dattijo, tsohon malamin firamare, zaune bakin baranda da fayil ɗinsa cikin leda. Ya ce da ni, "Ɗana, mi ni yi musu? Sunan da anka raɗa mani ran suna shi nika amsawa har yau, ban sake ba." Na ce, "Baba, ba ku kuka sake ba, sake muku aka yi." Wanda ya koyar da yara bambancin baki da baƙi shekara talatin da biyar, shi aka ce ya je kotu ya rantse cewa shi ne shi.

Kada ma a ɗauka masu ƙugiya kaɗai abin ke ci. Ɗan waƙafin sama da ke cikin Sa'adu, Mu'azu, Rabi'u, Shu'aibu, A'isha ya fi su ɓarna, don sunayen sun fi yawa. A ido iri ɗaya ne, a kwamfuta aƙalla uku ne masu lamba daban-daban: miƙaƙƙen da ke kan madannai, lanƙwasasshen da Word ke sauya maka da kansa, da wani na uku da Unicode ta ware a matsayin harafi. Dabarar wankin can tana barin miƙaƙƙen, ta cinye sauran biyun. Akawu biyu su buga Sa'adu ɗaya, ɗaya a Word ɗaya a waya, sai a samu Sa'adu da Saadu, mutum biyu a takarda, ko dai a biya sau biyu ko a hana duka. In kuma aka ce manhaja ta gyara manyan baƙaƙen farkon suna da hanyar da Python ya tanada, tsohon da sabon duka Sa'Adu za su ba ka. Excel shi ma yana da tasa: ka buga waƙafi a farkon gurbi, yana ɗaukarsa alama ce tasa ya ɓoye shi. Shi ya sa 'Yargalma ta Bukkuyum da 'Yar Sabaya ta Anka suke yawo a takardu ba waƙafi, wani wuri da shi, wani wuri an raba, wani wuri an haɗe. Ka nemi ƙauye ɗaya a rumbun bayanai ka same shi kashi uku.

Na san abin da wasu abokaina za su ce, don sun sha faɗa min a majalisa: "Kai ma da neman magana. A rubuta Danladi da D mana, wa bai gane ba?" Mutum ya gane, don ya san Hausa yana cike giɓin da kansa. Inji ba ya cike giɓi. Kuma ni ba na faɗa da a samu rubutun suna na biyu marar ƙugiya. Layukan ƙasan fasfo da inji ke karantawa A zuwa Z kawai suke ɗauka, doka ce ta duniya, Bajamushe mai ü a sunansa ma haka yake haƙura a wurin. Amma Bajamushe bai goge ü daga rajistar garinsu ba. Abin da hankali zai ɗauka shi ne gurbi biyu: ɗaya na sunan gaskiya yadda mai shi ke rubuta shi, ɗaya na gwadawa, wanda manhaja za ta fitar da ƙa'ida guda rubutacciya, Ɗ ta koma D, ƙ ta koma k, ɓ ta koma b, waƙafi uku su koma ɗaya. Daga Ɗahiru kullum za ka iya fitar da Dahiru. Daga ahiru fa? Sai ka aika a kira mai sunan. Abin da muke da shi yanzu kowane ofis da irin yankan da yake wa suna, wani D, wani alamar tambaya, wani ya share, sannan a haɗa su a ce talaka ne bai daidaita takardunsa ba.

Ban da haka ma, ni ban yarda ƙugiya kwalliya ce ba. Fada daban faɗa daban, Sarkin Fada kuma ba zai gode maka ba in ka ƙara masa ƙugiya. Ƙashi in ka cire masa tasa, kun san abin da ya koma. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, kuma tun zamanin injin dalma aka san yadda ake buga waɗannan baƙaƙe. Abin kunya ne a ce abin da maɗaba'a ta iya kafin a haifi iyayenmu ya gagari mai digirin kwamfuta.

Akwai kuma ɓangare na biyu, masu cewa ai da ba a taɓa tsohuwar manhajar ba da duk haka ba ta faru ba, a bar kaza cikin gashinta. Su ma ban bi su ba. Yaren da aka daina toshe wa ɓaraka tun 2020 ba abin da za a ɗora albashin mutane a kai ba ne, kuma tsohuwar ma tana cin sunaye, a ɓoye take yi. Ƙaura dole ce. Yadda ake yin ta ne abin faɗa. Akwai wata manhajar juyi da ake kira 2to3 da ke sauya nahawun tsohon yare zuwa sabo da kanta, har an cire ta daga Python a 2024. Tana gyara siffar umarni, amma ba ta da hanyar sanin cewa wannan gurbi sunan mutum ne, wancan kuma ɗanyen bayit ne. Wannan sai mutum ya zauna ya bi layi-layi, duk inda rubutu ke shigowa ya faɗi tsarinsa, duk inda yake fita ya faɗi tsarinsa. Aikin da ake biyan kuɗin kwangila dominsa ke nan, kuma shi ne ake tsallakewa.

Sannan tsofaffin fayilolinmu ba tsari ɗaya suke ba. Kafin Unicode ta yaɗu, masu buga Hausa da fon na musamman suke aiki, irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa harshen nan hidima a lokacin da babu wata hanya. Irin waɗannan fon aron gurbin wasu alamomi suke yi, shi ya sa in ka buɗe tsohuwar takarda a injin da ba shi da fon ɗin sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Duk wanda zai kwashe bayanan ofishin da ya kai shekara ashirin zai ci karo da su. In bai san tarihin ba, shara zai ɗauke su ya share, alhali ƙ ce da ɗ sanye da rigar aro.

Ɗan kwangila dai ɗan kwangila ne, abin da aka karɓa daga hannunsa shi zai bayar. Haushina ya fi yawa a kanmu, mu ma'aikata da ke sa hannu a takardar kammala aiki. Ranar gwaji sai a buga suna uku, John, Musa, Bello, a ga sun fito, a ce ma sha Allah, a sha lemo. A ɗakin nan kuwa akwai Ɗalhatu, akwai Sadiƙu, wataƙila shi kansa mai sa hannun Isma'ila ne, amma ba wanda ya ce a gwada nasa. Mun saba ganin sunayenmu a gurgunce har mun ɗauka haka Allah Ya yi su. Wasunmu ma gani suke ƙauyanci ne su tsaya gaban ɗan birni mai Turancin kwamfuta su ce ina ƙugiyar sunana. Ga Gboard da ke cikin wayoyinmu tana da madannan Hausa kyauta, amma sai ka ga mai digiri biyu yana rubuta "kasa" ka rasa ƙasa yake nufi ko ya kasa.

Ba sai ka iya Python ba kafin ka kare mutanenka. In an kawo maka sabuwar manhaja ko an ce an sabunta tsohuwa, kafin biro ya taɓa takarda ka ba da sunaye goma na gwaji da hannunka, ka sa Ɗahiru, Ruƙayya, Ɓaidu, Sa'adu da waƙafin Word, wani Sa'adun da waƙafin waya, da 'Yargalma a gurbin gari. A shigar da su a kwamfutar ofis, ba a laftof ɗin ɗan kwangila ba, don sau da yawa a tasa lafiya lau take aiki. A fitar da su a takarda, a fitar a fayil ɗin da za a kai banki, a nemo su da akwatin bincike da ƙananan baƙaƙe da manya. Ka tambaye shi a rubuce me manhajar ke yi in ta gamu da harafin da ba ta gane ba. In ya ce tana wucewa, kada ka sa hannu. Tsayawa ya kamata ta yi ta faɗi layin da matsalar take. A ƙirga sunaye kafin ƙaura da bayanta, a kuma ware duk sunan da tsawonsa ya ragu, mutum ya duba su da ido. Tsohon fayil kuma a kwafe shi a kulle a wuri biyu, kada a bari a rubuta sabo a kansa har sai an biya wata uku ba ƙorafi.

Sharaɗin nan layi biyu ne a takardar kwangila: sunaye da garuruwa za a adana su da UTF-8 yadda aka rubuta su, kuma duk sunan da manhaja ta ɓata, gyaransa a wuyan ɗan kwangila yake kafin a biya shi cikon kuɗinsa. Masu tsara takardun kwangila a sakatariyoyin Anka, Gummi da Bukkuyum, da ku nake. In kuskuren daga injin ofis ya fito, ofis ya gyara shi daga tsohon fayil ya aika wa mutum saƙo a waya, a daina ɗora dattijo a motar Gusau.